Baffa, Tarakta Ba Ta Jin Sanda

Baffa na Mayo Bani, bawana na gado, ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida ke yi wa yaronsa, wato daga zaune.

Labarin taraktarka ya riga ka shigowa Mubi. Masu kawo wake daga Muchalla sun ba ni rabinsa, wani direba daga Digil ya cika mini sauran. An ce ka runtse ido ka kai bijimai kasuwar shanu, abin da tun kakanninka ba a taɓa yi da son rai ba, ka dawo da jar Massey Ferguson 375 ta hannu. An ce kafin a zuba mata mai sai da ka ɗaura mata laya a sitiyari. A ƙofar gida lafiyarta ƙalau, a kan hanya ma tana sheƙa gudu har malafarka na neman tashi. Amma da an sauke garma, bakinta ya ciji ƙasa, sai murya ta fara dusashewa, ta yi tari, ta yi kakari, ta tsaya cik a tsakiyar gona. A ɗaga garma ta farfaɗo, a sauke ta sake kwantawa. Wai ka zagaya ta, ka lallashe ta da Fulatanci, ka yi mata fito, da abin ya ƙi sai ka ɗaga sanda, Allah ya so direba ya riƙe ka.

Duk wannan da dariya kawai zan yi in wuce, ai ba yau Bafillace ya fara ba ni dariya kyauta ba. Abin da ya tayar da ni shi ne sunana da ka jefa a ciki. Kana ta yawo kana cewa bakin Babarbare ne ya kama ta, wai ranar da ka aiko mini hotonta ban ce Masha Allah ba. Sannan na ji wani bakanike na bakin hanya, wanda ko sunkuyawa bai yi ba, ya yanke hukunci daga tsaye cewa famfon injekta ne ya mutu, har ka fara satar kallon bijimin da ya rage a garke.

Ajiye igiyar tukuna.

Kai ne fa mutumin da in saniya ta ƙi kiwo ba ka kiran mahauci. Sai ka duba hancinta ko da danshi, ka tona kashinta da kara, ka tsaya ka ga ko tana tuƙa, ka ɗaga kofato, ka tambayi yaro a wane tafki ta sha ruwa jiya. Wannan ne kaɗai fannin da na yarda kun fi mu, shi ma don ba kowa a kusa ne na faɗa. To me ya sa da ka zo gaban ƙarfe za ka fara da wuƙa? Buɗe famfon injekta shi ne yanka. Akwai hanci, akwai kofato, akwai tafkin da ta sha ruwa, duk ba ka duba ko ɗaya ba.

Ka fara sanin abin da ke cikin cikinta. Injin dizal ba shi da fulogi. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta kusan ninki 16, har ta yi zafin da in an fesa mata gas sai ya kama da kansa. Wani Bajamushe ne, Rudolf Diesel, ya samu dabarar ta yi aiki sosai a 1897, ɗan uwan Jamusawan nan da suka riƙe Mubi kafin yaƙin duniya na farko. Abin da injin ke so bai wuce iska isasshiya, da mai mai tsabta a kan lokaci, da matsi ba. In taraktar tana tsaye a ƙofar gidanka tana burge maƙwabta, ɗan tsiyayi ya ishe ta, ko da hanyar man saura ƙiris ta toshe ba za ka sani ba. Da garma ta kama ƙasa kuwa, wani abu a cikin famfo da makanikai ke kira gwamna sai ya buɗe hanya, yana neman mai ninkin ba ninkin. A nan ne asirin duk wata toshewa ke tonuwa. Saboda haka rurin da take yi a tsaye ba shaidar lafiya ba ne, ka daina kafa mini hujja da shi.

Gobe in an shiga gona, kada ka tsaya a inuwa kana tsaki. Bi ta a ƙafa, ka kasa kunne. In ta rage tafiya amma kukan injin ya ƙara sama, to injin bai yi laifi ba, kuloci ne ke zamewa, kuma za ka ji ƙaurin abu yana ƙonewa. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a fili, a taka birki, a sa babbar giya, a saki kuloci a hankali. Mai lafiya zai kashe injin nan take, wanda ya cinye kuwa sai injin ya ci gaba da kuka tarakta tana nan tsaye. In haka ne, ka dubi ƙafar hagu ta yaron nan da ka ɗauka tuƙi don ɗan ƙanwarka ne, domin masu ɗora ƙafa a kan kuloci suna hutawa su ke cinye shi. In kuma taya ce ke juyawa a wuri ɗaya tana haƙa rami, wannan maganar tayar da ta suɗe ce da rashin nauyi a baya. Sai in kukan injin ne da kansa ya yi ƙasa, ya yi nauyi, sannan za ka ɗaga kai ka kalli bakin salansa.

Hayaƙi ba ya ƙarya, ya fi ku gaskiya a wajen faɗin yawan garke.

In baƙi ne wuluk yake tashi lokacin da take kakari, mai yana zuwa, iska ce ta gaza. Injin irin naka, Perkins mai silinda huɗu, in yana juyi 2,000 a minti yana zuƙar iska kusan lita 4,000 a cikin wannan mintin, duro 20 ke nan. Duk wannan iskar ta cikin filta ɗaya take bi, a gonar da ake tayar da ƙura, bayan taraktar ta kwashe rani cur a gindin darbejiya tana shan hazo. Rantse mini da girman Allah, tun da ka saye ta ka taɓa sa an buɗe filtar iska? In irin mai tasar baƙin mai ce a ƙasa, a kwance tasar, za ka tarar man ya koma taɓo, a wanke a zuba sabo daidai zanen da aka yi, kuma a lokacin ƙura kullum ake duba ta. In ta takarda ce, a hure ta daga ciki zuwa waje, in ta gaji a sayi sabuwa. Kada a buga ta a jikin taya, kada a wanke ta da fetur. A leƙa tiyon ma, ɓeraye na son yin sheƙa a ciki in mota ta daɗe a ajiye. Na san dabarar da za ta faɗo maka, ka cire filtar gaba ɗaya don ka huta da saye. In ka yi haka za ta yi ƙarfi na mako biyu, ƙura ta cinye ringi da silinda, daga nan bijimi ɗaya ba zai fitar da kai ba.

In kuwa tana mutuwa ba wani hayaƙi, salansa fes, to yunwa ce. Man ba ya isowa. Nan zan daɗe, domin nan na fi zargi, kuma ina da dalili.

An gaya mini murfin tankinka ya faɗi a hanya tun makon farko, kai kuma da rowarka ta gado ka ce ba za ka sayi wani ba, ka rufe bakin da leda ka ɗaure tam da robar tayar keke. Baffa, murfin asali yana da ɗan hujin da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita. In ka toshe shi, tana aiki na ɗan lokaci lafiya, sai tanki ya fara riƙe man, famfo na ja tanki na ja, ta mutu. Ku zauna ku yi ta salati, iska ta ɗan sulala ciki, ta sake tashi, ka ce layar ce ta yi aiki. Gobe da ta fara kakari a kwance ledar. In ka ji tanki ya ja numfashi, injin ya warware, to ka gama, kuma ka ji kunya. Murfin tanki nawa yake, bijimi nawa yake?

In ba shi ba ne, a bi man daga tanki zuwa gaba, kada a tsallake. A gindin tanki akwai ɗan famfon buɗewa da ’yar raga a cikinsa, tsatsa da dattin jarka na taruwa a nan. A cire tiyo a gani: mai ya zubo da ƙarfi ne, ko ɗiga yake? Gaba kaɗan akwai kofin da ke tare ruwa. Litar gas nauyinta wajen giram 840 ne, ta ruwa 1,000, saboda haka ruwa kullum ƙasa yake kwanciya, a kofin gilashi har layin da ya raba su za ka gani. A zubar. Sai ƙaramin famfon da ke jikin injin, mai ɗan hannun da ake dannawa, wanda ke tura mai zuwa filta, shi ma robar cikinsa kan gaji. Sai filtar man kanta, wadda na tabbata ita ce mai taraktar na farko ya bar maka gado. Ba a wanke ta, canza ta ake yi, da sababbin robobinta. Bayan an ɗaura sai a cire iska: a sassauta notin da ke kan filta, a yi ta danna hannun ƙaramin famfo har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure, a yi haka a jikin babban famfo. In kumfa ta ƙi ƙarewa, akwai tiyon da ya tsage ko notin da bai zauna ba. Irin wannan tsagar muguwa ce, ba ta ɗigar da mai balle ka gani, iska kawai take zuƙa.

Yanzu tafkin da ta sha ruwa. A ina kake sayen gas? Na san amsar. A farkon 2022 lita ba ta kai naira 400 ba, kafin shekarar ta fita ta haura 800, daga baya ta tsallake 1,000. Tun daga nan duk wanda aka rage wa naira hamsin a bakin hanya sai ya ga ya ci riba, kuma garin da ke gab da iyakar Kamaru ba a rasa jarkoki. Ba na ce duk mai jarka macuci ba ne. Amma jarkar da ta ɗebo ruwa jiya ita ce ta ɗebo gas yau, wani kuma da gangan yake sirka shi da kananzir ko abin da Allah kaɗai ya sani. Famfon injekta irin na taraktarka ba shi da wani baƙin mai na kansa, gas ɗin da ke ratsa shi shi ne ke sa ƙarafansa santsi, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan ba ta kai kaurin gashin kai ba. Kananzir ya bushe masa, ruwa ya sa masa tsatsa. Alamar ruwa a mai ita ce farin hayaƙi da injin da ke tsallen bugu. Ni dai da na ji wannan sai na ce Allah mai sakayya: gidan da aka shekara ɗari ana ƙara mana ruwa a nono, yau ga shi an ƙara musu a gas. Ka gaya wa uwargidanka Inna Wuro na ce alhakinmu ne.

Maganinsa mai sauƙi ne. Sayi a gidan man da ka sani, zuba a duro mai tsabta, bar shi ya kwana ya kwanta, ɗiba daga sama, tace da mazurari mai raga. Cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, domin tankin da ya kwana rabi yana yin gumi daga ciki da sanyin asuba, gumin nan kuwa ruwa ne.

Wani malamin makaranta ya ce mini ya ba ka labarin cewa a baje kolin Paris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa, wai idonka har ya yi haske kana lissafin buhunanka. Labarin gaskiya ne. Amma injin wancan zamani daban, naka daban. Ɗanyen man gyaɗa kauri gare shi, zai daskare a bakin nozul ya bar maka gawayi. Bar wa masu ƙuli-ƙuli kayansu.

Akwai ƙananan abubuwan da kan sa mutum ya zargi surukansa a banza. Wayar totur takan saki, direba ya ja hannu har ƙarshe amma a jikin famfo ba ta kai ƙarshe ba. Maɓallin da ake ja a kashe injin, in bai koma ciki sosai ba, rabin mai yake bari ya wuce. Birkin hannu a manta shi a ɗage. Lagireto ya cika da ƙaiƙayi da ciyawa ko fambel ya saki, injin ya yi zafi ƙarfinsa ya ragu, kuma in ya tafasa kada wanda ya taɓa murfin sai ya huce. Dubawar duka ba ta kai tsawon gaisuwarku ta safe ba, wadda sai an tambayi lafiyar kowace saniya da sunanta.

Sai kuma abin da ba ka son ji. Mai yiwuwa taraktar lafiyarta lau, zalunci ne ya yi mata yawa. Ƙarfin doki 75 gare ta, ba 750 ba. Ka lura ma da doki ake auna ƙarfin inji, ba da saniya ba, doki kuwa kowa ya san na Borno ne. Ka karɓi kuɗin haro na rabin mutanen Mayo Bani tun kafin ruwa ya sauka, yanzu kowa na tsaye a kanka, sai ka tura ta gona bayan yayyafin farko, ƙasa sama-sama ta jiƙa, ƙarƙashi kuwa dutse. Ka ce a nutsa garma har wuya, a sa babbar giya don a gama da wuri a tafi gonar gaba. Ko sabuwa dal daga kamfani za ta yi baƙin hayaƙi ta durƙusa. A sauko da giya, a ɗaga garma kaɗan, a jira ruwa ya ratsa. Kuma hannayen nan biyu da ke gefen kujera ba ado ba ne. Ɗaya na tsayar da garma a inda aka ajiye ta, ɗayan kuwa shi ke jin nauyin ƙasa, in garma ta ci karo da tauri ya ɗan ɗaga ta da kansa, ya mayar da nauyin kan tayoyin baya. Wannan ita ce dabarar da Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ailan, ya fito da ita tun shekarun 1930, ita ta sa sunansa ke manne a jikin taraktarka. Tambayi direbanka wanne ne wanne. In ya sosa ƙeya, ka san inda kuɗin gas ɗinka ke tafiya.

In duk an bi waɗannan ba a samu ba, to a nan ne bakanikenka zai iya yin gaskiya, ko da bisa kuskure. Nozul da ya gaji yana tsiyayar da mai maimakon ya fesa, sai bugu da baƙin hayaƙi. Wanda ya san aiki yakan sassauta bututun kowace silinda ɗaya bayan ɗaya injin na aiki, wadda aka sassauta kukan bai canza ba ita ce ke barci. Kada ka kai hannu wurin, man da ke fita daga nan yana huda fata, kuma raunin ba na shafa man shanu ba ne, na asibiti ne. Shuɗin hayaƙi, da shan baƙin mai, da wahalar tashi da safe, da hayaƙi na busowa ta bututun numfashin injin, wannan ringi ne da matsi, aikin sauke inji. Famfon kuwa, in ya tabbata shi ne, a kwance shi ɗungurungum, a toshe bakunansa, a naɗe a tsumma mai tsabta, a kai wa masu injin gwaji a Yola ko Maiduguri ko Kano. Ba a farke shi a kan buhu a gindin bishiya iska na kaɗa yashi. Kuma duk wanda ya ce zai karya hatimin da ke jikinsa ya “ƙara mata wuta”, ka rako shi da sandar nan taka, nan ne take da amfani. Hayaƙi zai ƙara maka da shan mai.

Na san za ka ce yaushe Babarbare ya zama malaminka. Tun fil azal. Modibbo Adama da kansa, wanda ƙasar nan ke amsa sunansa, sai da ya je Borno ya ɗauki karatu kafin ya karɓo tuta, kafin ya kafa Yola a 1841. Za ka tuna mini da cin Birnin Gazargamu da kuka yi a 1808, kamar yadda ka saba duk ranar da ka rasa abin faɗa. Ni kuma in tuna maka da Shehu Laminu da ya kore ku, in tambaye ka kwana nawa kuka yi a ciki kafin ku tattara ƙoranku.

Saura lada. Shawarar nan da a gareji ka same ta da ka biya, ni kuwa ba na karɓar kuɗi a hannun bawana sai abin da al’ada ta yanka. Kuɗin sharar bara ba ka kawo ba, ka ɓuya a ruga ranar cika-ciki ka ce wai kana biɗar ɓatacciyar karsana. Na bana ma yana tafe. Haɗa su biyu, ka ɗora kwalbar man shanu da ƙwaryar kindirmo, ka aiko da direban. Kindirmon zan sa a ajiye shi ya kwana tukuna, in ga ko ruwa zai taso.